Ƙarfe Biyar na Jirgi

Bilki, tun ranar da kika bugo waya kika ce mijinki ya yanko muku tikitin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, kika ce in rubuto miki abin da ya kamata fasinja ya sani, nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Shawarar ba ta yi mini wuya ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyara gadajen fasinjoji ina kallon wautarsu, ko daga barci kika tashe ni zan zayyano miki ita. Abin da ya hana ni shi ne, ɗaya daga cikin shawarwarin ba ta faɗuwa sai da labarinta, labarin kuwa shi ne wanda na hana kaina gaya muku tun kuna ƙanana. Kun taso kuna ganin agogon bangon falona yana gaba da awa guda. Kowannenku ya taɓa hawa kujera zai gyara shi, kowannenku kuma ya sha rankwashi. Kun kuma taso kuna jin 'ya'yan Baffanku Hamisu suna cewa ubanku ne ya zare hannu ya bar kakanku a tsakiyar titi ya gudu. Ba ƙarya suka yi ba, na zare. Yau zan gaya miki dalili, ke kuma ki karanta wa ƙannenki.

Shekarun matsin tattalin arziki ne, waɗanda masu Faransanci ke kira kiriz. Mu a unguwarmu ta New Bell a Duwala muka mayar da kalmar Hausa, muka ce ai daidai suka faɗa, komai saura ƙiris: albashi saura ƙiris a biya, masana'anta saura ƙiris a buɗe, haƙuri saura ƙiris ya ƙare. Yayana Hamisu yana aiki a wata masana'anta a Bonaberi, wata safiya ya tsallaka gadar kogin Wuri ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya dawo gida bai sake tsallakawa ba. Ni ina gyaran ɗakuna a wani otal a unguwar Akwa, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka sallami rabinmu rana ɗaya. Baba kuwa, Malam Garba Mai Agogo, teburinsa mai gilashi na nan a bakin kasuwa inda ya tsufa, amma agogon roba mai batir ya cika gari, irin wanda in ya mutu sai a jefa shi kwata a sayi wani. Kullum zai yi wanka ya sa farar riga, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya zauna tun hantsi har La'asar ba wanda ya miƙo masa ko da maɗaurin agogo, ya dawo ya ce wa Inna kasuwa da godiya. Gidanmu na katako ne, ɗaki shida, kowane ɗaki da bakunansa, tukunya kuwa ɗaya ce.

Wani mai kai wa jirage kayan miya da ya san ni tun a otal shi ya raɗa mini cewa ana neman masu gyaran ɗaki a jirgin fasinja, masu jin Faransanci da ɗan Turancin da za su fahimci "kawo tawul". Na kawo maganar gida bayan sallar Azahar, kowa na tsakar gida.

"Ruwan Wuri ma ban yarda da shi ba," in ji Inna, "balle wanda ba shi da gaɓa. In ka faɗa, wa zai tsamo mini kai?"

Yaya Hamisu ya taɓe baki. "Ka je ka wanke wa Turawa bayi, a ce ɗan Malam Garba ne."

"A Akwa ma ba turare nake fesa musu ba, Yaya."

Uwarku Asabe, da cikinki wata shida, ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ninke mini kaya. Baba kuwa sai bayan kwana uku ya kira ni ɗakinsa, ya kamo hannuna na hagu ya ɗaura mini wani tsohon agogo na ƙarfe, irin wanda ake wanawa kowace safiya.

"Na kwance shi ɗaya bayan ɗaya na haɗa da hannuna," ya ce. "In ya yi maka ƙaryar minti guda, ka dawo mini da shi in bar sana'a."

Amincewarsa ke nan, Baba bai iya faɗin ta wata hanya ba.

To, ga abin da kika tambaya. Jirgin nan unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa, makon farko sau uku ina ɓata tsakanin ɗakin wanki da ɗakin kwanana. Ranar shiga za a karɓe babban akwatinki tun a ƙofa, ba zai iso ɗakinki ba sai yamma, wani lokacin ma sai ya yi yawonsa a wani hawan. Saboda haka magani, takardu, kaya na canji ɗaya da sallaya, duk su zauna a jakar hannunki. Na ga dattijo mai hawan jini yana zaune bakin gado yana gumi, maganinsa na ƙarƙashin akwatin mutum ɗari. In an ba ku zaɓin ɗaki, ki bar wa masu son hoto na can sama da na goshin jirgi, ki nemi na tsakiya a hawan ƙasa, nan ne rangaji ya fi sauƙi. In zuciyarki ta fara tashi kada ki shige ɗaki ki rufe ƙofa, nan ne abin ke cin mutum. Fita iska, ki kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ki tauna ɗanyar citta, ki ci busasshen burodi. Mijinki zai ce shi namiji ne jirgi ba ya juya shi. Ki sa masa tasa cittar a aljihu kawai, kada ki yi gardama.

Za a kira atisayen ceto kafin jirgi ya tashi. Ki je. Masu kuɗi sukan ɓuya a ɗaki suna ganin wasan yara ne, ni nake bi ina ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ki sa rigar ceton da hannunki har ki iya ɗaure ta ba mai taya ki, ki san wurin taruwarku, ki kuma ƙirga ƙofofi daga ɗakinki zuwa matakala, don in wuta ta ɗauke ƙafa da hannu ne za su kai ki. A matakala hannu ɗaya naki ne, ɗaya na ƙarfen riƙo, takalmi mai tsini kuwa ki bar shi a Duwala. Abinci ba ya gudu, ana ajiye shi tun safe har a gaji, kada ki tula faranti ranar farko kamar an ce gobe azumi. Ki tambaya kafin ki ɗiba, domin alade na shiga inda ba ki zata ba, har cikin wake da miyar ganye. In kin yi shakka ki nufi kifi. Ki wanke hannu kamar mai waswasi, ciwon ciki in ya shiga jirgi ba ya zaɓen hawa. Ki tafi da 'yar butarki, bayinsu ba a yi shi don mu ba. Alƙibla kuwa ki tambaya kowace sallah, kada ki ce jiya nan na fuskanta, jirgi juyawa yake yi ba ya shawara da kowa. Sannan ki san sunan mai gyara miki ɗaki, ki gaishe shi da safe. Ɗan wani ne, wata tukunyar ce ta turo shi.

Saura guda ɗaya, ita ce uwarsu. Jirgi yana da lokacinsa na kansa. Yana ratsa ƙasashe masu agogo daban-daban, kuma in tsayawar yini ɗaya ce kyaftin ba lallai ya canza agogon jirgi ya bi na gari ba. Sai ki sauka gari yana cewa ƙarfe huɗu, jirgi yana cewa biyar, kuma da biyar ɗinsa zai tashi. Kowace tasha nakan tsaya a bakin lungun ɗakunana ina nuna wa fasinjoji tsintsiyar hannuna, ina cewa lokacin jirgi, Madam, lokacin jirgi, har abokan aiki suka mayar da shi sunana. Duk da haka na ga miji da mata a bakin tasha da ledojin tsaraba, suna ɗaga wa jirgi hannu yana ƙara nisa. Fasinja in ya makara, wahala ce da kashe kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba. Ma'aikaci in ya makara ya gama. Fasfonsa na cikin ofishin jirgi, kora ce ba sauraron uzuri, kuma labari na zagawa, ba jirgin da zai sake ɗaukarsa.

Na yi wata goma sha huɗu ban ga gida ba. An haife ki, an raɗa miki suna, kin fara rarrafe, duk a wasiƙa. Sai ga shi muna tasowa daga kudu aka ce za mu tsaya Duwala yini ɗaya mu ɗebi ruwa da kayan miya. Lokacin nan ne ake yajin gama-gari na rikicin siyasa, ana rufe gari, shaguna a garƙame, tasi ba ya fita, saboda haka aka ce ba fasinjan da zai sauka. Na je wurin shugabar masu ɗakuna, wata doguwar mata da ba ta murmushi sai in fasinja na kallo, na tsaya a gabanta na ƙi tafiya. Na ce ina da 'ya a garin nan da ban taɓa gani ba.

"Cinq heures," ta ce, "biyar na jirgi, ba na garinku ba, mun fi su da awa guda. Biyar za a busa ƙaho, biyar da rabi a janye tsani. Ruwan kogin nan janyewa yake yi, kyaftin ba zai jira mai gyaran gado ba."

Ni za a gaya wa? Na duba agogon Baba, yana daidai da na jirgi, ko minti bai ci ba.

Da ƙafa na tafi, ina tsallake baƙin tabon tayoyin da aka ƙona a kan kwalta. An yi ruwa da safe, lungunanmu sun zama taɓo, warin kwata da hayaƙin gawayi suka tare ni, wallahi ban taɓa jin ƙamshin da ya kai su ba. Na yi sallama, Inna ta saki muciya ta fasa guɗa da kuka a haɗe. Uwarku ta miƙo mini ke, kika dube ni sau ɗaya kika tsala ihu kamar an nuna miki dodo. Kafin in zauna tsakar gida ta cika.

"Yaushe za ka koma?" Yaya Hamisu ya tambaya.

"Ƙarfe biyar."

Iyakar abin da na ce ke nan. Kalma biyu suka rage, "na jirgi", waɗanda na faɗa wa Turawa sau dubu, ban faɗa wa mutanen gidanmu ba. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Aka kira Azahar. Na cire agogon na ajiye a kan tagar ɗakin Baba, kusa da inda yake zaune a kujerarsa, na ɗauki buta na zagaya. Da muka idar da sallah shi da kansa ya miƙo hannu ya ɗaura mini, ya ɗan bubbuga gilashin da yatsa. Na ɗauka murna ce yake yi da abinsa. Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ban san inda ta samo naman da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Maƙwabciyarmu ta aiko da miyondo, ƙullin rogon nan da ake dafawa a ganye, da busasshen kifi. Mutane na shigowa ana gaisawa, wannan ya tambayi ko gaskiya ne akwai tafki a saman jirgi, wancan ya tambayi ko ana ɗaukar masu wanki. Ke kuma kin gaji da kuka kin yi barci a ƙirjina, kin damƙe maɓallin rigata. Da aka kira La'asar na duba hannuna na ga uku da rabi ta ɗan wuce, na ce alhamdulillahi, da sauran lokaci. Ya kamata a ce kiran sallar nan ya farkar da ni, don agogon da ke bin jirgi ba zai yi daidai da ladanin New Bell ba. Farin ciki ya toshe mini kai, ban yi lissafin ba.

Kun san rakiyar gidanmu. Mai tafiya ba ya fita shi kaɗai, ana taka masa har mararrabar da layin dogo ya ratsa titi, a can a tsaya, babba ya ɗaga hannu ya yi addu'a, a shafa, sannan ya juya baya. Kuma ba a wuce babba a tafiya. Na roƙi Baba ya yi mini addu'ar a zaure saboda gwiwoyinsa, ya harare ni.

"Ranar da ka tafi na farko ban raka ka ba? Yau ne ƙafata ta mutu?"

Muka fito, sandarsa a dama, hannunsa na hagu cikin nawa, nauyinsa duk a kaina. Yaya Hamisu na baya da limamin unguwa da maƙwabta, mun kai mutum ashirin. Baba na taka ɗaya ya huta, ya gaisa da mai shago ta tagar da aka buɗe rabi, ya taka wata. Mun ci kamar rabin hanya sai na ji shi daga yamma, dogon kuka mai kauri da ya bi ta saman kwanukan gari. New Bell ta saba da kukan jiragen kaya, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa na san muryar nawa. Na duba hannuna, ƙarfe huɗu daidai.

"Baba, jirgina ne."

"Sauri kan haifi nawa, Isiyaku. Huɗu ce yanzu ta yi." Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ya rage murya yadda ba mai ji sai ni. "Agogon nan ya ba ni kunya. Awa guda cur na same shi a gaba. Gishirin teku ne ya shige shi. Na gyara maka kana alwala, ban gaya wa kowa ba."

Bilki, rabin awa ya rage a janye tsani, ba tasi a gari, tasha na can bakin kogi. Mararraba na gabanmu, amma da tafiyar Baba sai mun ci rubu'in awa kafin mu kai, ga addu'ar Baba, ga ta liman da ba ta san gajarta ba. Na duba fuskar tsohon nan, tana ɗauke da fara'ar mutumin da a ƙarshe aka kawo wa aiki ya yi. Shekara nawa ba wanda ya miƙo masa agogo. In na buɗe baki na yi bayani, a gaban mutum ashirin zan faɗa cewa Malam Garba Mai Agogo ya kama lafiyayyen agogo ya ɓata, kafin Magariba an kai labarin har unguwar Nkololun, an yi masa suna da gyaran gangar Auzinawa. Sunan nan kaɗai ya rage masa a duniya. In kuma na tsaya na cika rakiya, jirgi ya tafi da fasfona da tukunyar ɗaki shida, har da kokon da ake dama miki. Ban yi dogon tunani ba, don babu lokacinsa. Na zare hannuna.

Ya yi tangaɗi, sandar ta zame a taɓo, Yaya Hamisu ya taro shi kafin ya kai ƙasa. Hularsa ta faɗi. Wannan na gani da na waiwaya sau ɗaya, ban sake waiwayawa ba.

"Isiyaku!" muryar Yaya ta biyo ni. "Addu'ar ubanka kake gudu?"

Wata mai gasa agada a bakin hanya ta ɗaga murya tana dariya, tana tambaya da buroka me ya koro ni: "Aboki, na weti di pursue you?"

A bakin babban titi na sami ɗan bensikin, baburan nan da suka fara ɗaukar mutane tun da tasi ya daina fita. Dattijo ne mai furfura, da rigar ofis a jikinsa har da biro a aljihu, da gani ka san kiriz ce ta ɗora shi a kan babur.

"Por, mon père! Tashar jirgi, vite!"

Ya dubi taɓon da ke wandona ya dubi idona. "On va faire comment, ya za a yi. Hau, ka riƙe ni da kyau."

Ya bi da ni lungunan da ban san da su ba duk da a garin aka haife ni. Kusa da tasha muka tarar an gitta itatuwa a hanya, na dire na ƙarasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na iso ma'aikata sun riga sun kwance igiyar tsani ta gefe ɗaya. Shugabata na tsaye a ƙofa. Ta dubi agogonta, ta kamo hannuna ta dubi nawa.

"Ka gyara agogonka," ta ce, ta matsa na wuce.

Na gyara shi a cikin lungu, na wanke ƙafa, na koma kan aiki. Ina shimfiɗa zanin gado hawaye na ɗiga a kai, sai na cire na sake wani. Ta tagar ɗakin fasinja na ga Duwala na ja da baya. Ban taɓa jin ƙunci irin na yammacin nan ba, amma ko a lokacin na san da za a mayar da ni titin nan, zarewar zan sake yi.

Daga tasha ta gaba na rubuta wa Yaya Hamisu cewa lokacin jirgi ya sha bamban da na gari. Amsarsa layi uku ce. Ya ce agogon jirgin ai a hannuna yake, kowa ya ga ina duba shi tun Azahar, da bakina na ce biyar, na gudu da huɗu. In nemi wata ƙaryar. Gaskiyarsa ce a kan abin da ya gani. Amsa ɗaya ce za ta wanke ni, ita ce in faɗi wanda ya juya agogon, na kuwa riga na yanke cewa ba za ta fito daga bakina ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka muka zauna da Baffanku har ya koma ga Allah, gaisuwar Sallah da ta jana'iza kawai ke haɗa mu. Ya ci abincin da jirgin nan ya kawo, 'ya'yansa sun yi makaranta da shi, bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Na yi kewar yayana ƙwarai, muna unguwa ɗaya. Wannan shi ne abin da na biya, kuma da idona buɗe na biya shi. Yanzu Baba ya tafi, Inna ta tafi, Yaya ya tafi, teburin bakin kasuwa ma an daɗe da mayar da wurin shagon waya. Ba sauran wanda maganar za ta kunyata.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Duk tashar da za ku sauka, ki karanta takardar da za a zuro muku ta ƙarƙashin ƙofa, ki ga lokacin dawowa, ki rage masa awa guda don kanki. Ki tafi da katin jirgi da lambar wakilinsu na tashar. Ki ɗaura agogon hannu na gargajiya ki saita shi da na jirgi kafin ki taka tsani, kada ki dogara da waya, don tana shaƙar iskar gari za ta gyara kanta ba ta tambaye ki ba. In wani ya tambaye ki yaushe za ki koma, ki faɗi lokacin ki ƙara da "na jirgi". In za ki yi alwala, agogon ya shiga aljihunki. Kada ki ajiye shi kusa da kowa, musamman mai ƙaunarki.

Baba ya rasu da damina, wata biyar bayan ranar nan, ina tsakiyar teku. Wasiƙar ta same ni an riga an yi sadakar arba'in. Duk tsawon hanyar dawowa abu ɗaya ke cina: ko ya tafi yana ganin ɗansa ya wulaƙanta shi a gaban jama'a? Da na iso mutane suka yi mini ta'aziyya a tsaitsaye, Yaya Hamisu ya ce, "Ka samu zuwa? Ko jirgi na jira?" ya shige ɗaki. Inna ce ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Baba. Komai na nan, gilashinsa na ido ɗaya, 'yan sukurdirebobinsa a cikin gwangwanin madara, farar rigarsa a rataye. Agogon bango na tafiya. Na dube shi na dubi nawa, wanda na riga na mayar lokacin gari tun a tasha. Yana gaba da awa guda. Na jawo kujera zan hau.

"Bar shi," in ji Inna. "Ni nake wana shi duk Juma'a, haka ya bar mini shi. Tun yammacin da ka tafi, da aka dawo da shi gida ko taɓon rigarsa bai bari an wanke ba. Ya zauna yana duban agogon nan har aka yi Magariba, sannan ya ce a riƙe masa kujera, ya hau ya tura shi gaba. Hamisu ya ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Masu zuwa dubiya kowa sai ya ce, Malam, agogonka ya yi gaba, a gidan mai gyaran agogo?"

"Shi me yake ce musu, Inna?"

"Sai ya ce ku bar shi, wannan lokacin Isiyaku ne. Shi ke da gaskiya."

Na zauna a kan kujerar da na jawo. Jirginmu ya canza lokaci ya fi a ƙirga tsakanin ranar nan da rasuwarsa, Baba bai san wannan ba. Shi dai ya tsaya a kan biyar ɗin da ya ɗauke mini, yana mayar mini da ita kullum a gaban duk wanda ya shigo ɗakinsa.

Agogon bangon nan shi ne na falona. Ranar da ba na nan ke za ki ɗauke shi, Bilki, tunda ke ce kike barci a ƙirjina lokacin da abin ya faru. Ki riƙa wana shi duk Juma'a. In 'ya'yanki suka jawo kujera, ki sauko da su. Ba abin da ya same shi.